Ruwan Gidan Bukar

Damagaram, 9 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanena Ishaƙ, a Diffa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Kaltumi da yara. Ya ƙarfin jiki? Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar nan tawa da ta rantse sai ta zaunar da ni. Maƙwabta suna ta tambayarka tun da ka bar mu, har tsohuwar nan mai ƙosai da ta riƙa aiko maka kunu kana kwance asibiti. Na ce musu aiki ya yi kyau, likita ya cire abin da ya toshe maka hanyar fitsari, ka koma gida da ƙafarka. Wanda ya ga yadda aka kawo ka kana murƙususu, mara ta kumbura, ba zai gaji da godiya ga Allah ba.

Na kira ka a waya har na gaji. In ka ɗauka sai "lafiya lau, Yaya", ka kashe, kamar wayar na ƙona maka kunne. Shi ya sa na ɗauko biro da takarda kamar zamanin da nake koyarwa, na ba direban da ke kawo mana tattasai. Takarda dai ba ka iya kashe ta.

Ga maganar. Autana Saminu ya zo hutu daga N'Guelbély, ya yi ta kewaye-kewaye kwana biyu, ƙarshe ya faɗa. Zara yake so, ƴar abokinka Bukar ta Gagamari. Ashe tun zaman da ya yi a gidanka suka san juna, kai kuma kana nan kana karanta jarida ba ka ga komai ba. Na ga hotonta, na ji muryarta, yarinyar ta kwanta mini. Ita ma tana so, ba wanda ya tura ta.

Ka san ubansa ya rasu, baffanninsa kuwa ɗaya ya tsufa ba ya tafiya, ɗayan in ya buɗe baki sai an yi sulhu. Kai ne kawunsa, kai ne kuma wanda Bukar ba zai iya kallon idonsa ya ce a'a ba. A gidan ubansa ka sauka kana saurayi, ranar da aikin gona na gwamnati ya kai ka bakin kogin Komadugu ba ka san kowa ba. Ka shirya ka je ka nemo mana ita. Kada ka ja, don yarinya irin wannan ba mu kaɗai muka gan ta ba.

Ka gaya wa Kaltumi kukar da ta ce in aiko tana cikin ƙullin.

Yayarka,
Aïchatou

Diffa, 28 ga Oktoba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, da kukar. Kaltumi na godiya. Muna lafiya. Kogi ya cika bana, har ya ci gonakin wasu ta gefen gada. Jiki da sauƙi, ana lallaɓawa.

Na je Gagamari ranar Talata. Na tarar da Bukar, ya rame amma yana nan da ƙarfinsa. Kin san tun da tashin hankali ya kore su daga bakin kogi, a can suke, cikin zana da tamfol, kowa a jikin kowa. Wani ya ara masa ƴar gona yana taɓa tattasai.

Mun gaisa. Na fara maganar, ban ƙarasa ba. Ban daɗe ba na taso, don gaskiya yanzu ba na iya zama a irin wurin nan. Ki ba ni lokaci. In na ga hali zan koma, in kuma akwai wanda za ki iya turawa a madadina, to ina ganin zai fi.

A gaida yara. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa.

Ishaƙ

Damagaram, 19 ga Nuwamba

Ishaƙ,

Ina fata kuna lafiya. Gaisuwar ke nan, don yau ba ni da doguwa.

Na karanta ƴar takardarka na ajiye, na ce bari in yi haƙuri, ƙila ban fahimta ba. Sai ga Saminu ya kira ni. Zara ta gaya masa duk abin da aka yi, don tana bayan zana tana gani. Bari in maimaita maka, ko ka manta.

An shimfiɗa maka tabarma, ka zaro buzunka daga jaka ka ɗora a kai kafin ka zauna. Bukar ya matso kusa da kai, ka ja baya. Uwar Zara ta aiko da ruwa, ka ce ka ƙoshi, ko leɓe ba ka kai ba. Aka ɗora shayi, ka ce ka daina. Ƙannen Bukar sun taru, Liman yana hanya, kai kuma ka miƙe tsakiyar magana ka ce kana da uzuri, ka fita kana sauri ko waiwaye babu. Aka bar mutum da kwanon ruwa a hannu gaban ƙannensa.

Irin wurin nan, ka ce. Wane irin wuri, Ishaƙa? Mutumin da ka ci tuwon gidansu shekara da shekaru, lokacin yana da injin ban ruwa da gidan ƙasa mai zaure, kai kuwa ba ka da komai sai akwatin ƙarfe da keke. Yau don ya koma cikin zana, ruwansa ya zama abin ƙyama? Wallahi na ji kunya. Ba haka aka rene mu ba, kuma ni na goye ka, na san ba da wannan hali aka haife ka ba. Ko ajiye aikin ne ya sa ka fara jin kanka, tunda yanzu ba ka da gonar da za ka shiga?

Ga abin da Bukar ya yi, in ji Zara. Ya zubar da ruwan a gindin bishiya, ya ce a ɗauke tabarmar. Da uwarta ta taɓo maganar Saminu, ya ce ba zai kai ƴarsa gidan da za a riƙa wanke kwano in ta sha ba. Yanzu akwai wani ɗan Mainé-Soroa mai shagon hatsi da ya turo manyansa, sun zauna, sun sha, sun ci. An ce su dawo bayan tsinkar tattasai ta fari. Yarinya tana kuka, nawa yaron ba ya cin abinci.

Ban ce ka so Bukar dole ba. Amma in akwai abin da ya yi maka, ka faɗa mini. In kuma babu, ka san yadda za ka gyara abin da ka ɓata.

Aïchatou

Diffa, 3 ga Disamba

Yaya,

Ina gaishe ki. Ina gaida yara. Kin ce ba ki da doguwar gaisuwa, ni ma yau ba zan ce miki lafiya lau ba, don ba lafiya lau ba ne.

Na fara takardar nan na yaga, na sake farawa. Abin da zan rubuta ban taɓa tsammanin zan gaya wa mace ba, balle ke. A waya kuwa ba zai yiwu ba, kin san jikokinki su ke riƙe miki ita, su buɗe murya duk tsakar gida na ji. Ki karanta ke kaɗai, in kin gama ki sa a murhu.

Aikin ya yi, ban musa ba. Amma tun ranar da aka cire mini robar fitsari a nan Diffa, fitsarin da a da ba ya fita, yanzu ba ya tsayawa. In na yi tari, sai ya zubo. In na tashi daga zaune, ko na sunkuya ɗaukar buta, haka. Wani lokaci kuma sai ya matso ni gaba ɗaya ba gargaɗi, kafin in kai bayi ya riga ni. Kaltumi ta yayyanka tsofaffin zannuwanta tana ninke mini ina sawa cikin wando. Ita ke wankewa, ta shanya a cikin ɗaki bisa igiya don kada maƙwabta su gani su yi tambaya. Ba ta taɓa ɓata fuska ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. An ce akwai famfas na manya a farmasi. Na je sau ɗaya, na tarar ƴar ajin Aziza ƴata ce ke sayarwa, ta ce "Baba me za a ba ka?" Na sayi maganin ciwon kai na fito.

Likita ya ce da yawa suna samun sauƙi cikin watanni, ya koya mini yadda zan riƙa matse jikina ina saki, ina yi. Liman na unguwarmu ya ce lalura ce, sallata ta yi, kada in sa wa kaina waswasi. Na ji, amma a ƙarshen sahu nake tsayawa, bakin ƙofa, in an sallame ni ne farkon fita. Turare nake zubawa kamar ango. Duk wanda ya taɓa hancinsa kusa da ni, ko ƙuda ya kora, sai gabana ya faɗi.

Dabarar da na samo ita ce, in zan fita ba na shan komai tun asuba. Haka na yi ranar Gagamari. Na isa maƙogwarona kamar an zuba yashi. Tabarmar da aka shimfiɗa mini sabuwa ce fil, har ƙanshin kaba take, na san don ni aka saye ta, kuma na san abin da sayenta ya ci wa Bukar a halin da yake. Shi ya sa na ɗora buzu. Da ya matso, ni kaina nake gudun ya ji, ba shi nake gudu ba. Ruwan kuwa, Yaya, na ga sanyin randa yana tsattsafowa a jikin kwanon. Na san in ya taɓa leɓena sai na shanye shi tas, kuma na san abin da zai biyo baya. Duk da haka abin ya zo, ina tsakiyar ambaton sunan Saminu. Bayin wurin na kowa da kowa ne, sai ka ratsa ta gaban mata. Na fita na nufi bayan hanya, ban kai ba. A tsaye na jira mota, na kare gaban rigata da jaka.

Wurin da na ce ba na iya zama, wurin mutane nake nufi, ko'ina ne. Rabona da majalisar ƙofar gidana tun dawowata daga wurinku.

Abin da ban sani ba sai da takardarki ta zo, shi ne yadda Bukar ya ɗauka. Na zaci zai ce jinya ce ta sa ni gajen haƙuri. Ban yi tunanin zana da tamfol ba, don ni ban gan su ba, shi na gani. Tun da na karanta maganar wanke kwano ban ƙara jin daɗin abinci ba.

Ban san yadda namiji ke buɗe baki ya gaya wa namiji wannan ba. Amma ba zan bari a ba ɗan Mainé Zara a kan ruwan da ban sha ba.

Ƙanenki,
Ishaƙ

Damagaram, 11 ga Disamba

Ƙanena,

Ina gaishe ka, ina yi maka sannu, sannu ƙwarai. Na karanta a ɗaki na kulle ƙofa. Na sa a murhu kamar yadda ka ce, na zauna ina kallonta tana ci ina kuka, jikata na tambaya ko hayaƙi ne.

Ka yafe mini. Bakina ya riga hankalina, halina ne ka sani tun muna yara. Amma kai ma, Ishaƙa, wane irin zurfin ciki ne wannan? Ni da na wanke maka kashi kana jariri, ni za ka ɓoye wa fitsari? Da ka faɗa tun farko da ban zage ka ba, da kuma ban tura ka ba.

Yanzu ka ji. Ka daina hana kanka ruwa, ka ji ko. Na tambayi wata tsohuwar ɗalibata da ke aikin jinya, ban faɗi suna ba, ta ce hakan na iya jawo wani ciwon, kuma ka koma wurin likita ka gaya masa komai, kada ka rage. Famfas ɗin ni zan saya a nan, ba wanda ya san ka, in naɗe cikin buhun gero.

Maganar Gagamari kuma, kada ka je. Ka bar Kaltumi ta je ta raɗa wa uwar Zara, su mata sun san yadda suke faɗa wa juna irin wannan, ita kuma ta gaya wa mijinta cikin dabara. In hakan bai yi ba, ni zan hau mota da gwiwar tawa in zo. Saminu ɗana ne, amma kai ma nawa ne, ban yarda ka je ka tozarta kanka don shi ba.

Ka rungume mini Kaltumi, ka ce Allah ya biya ta.

Yayarka,
Aïchatou

Diffa, 22 ga Disamba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da yara. Buhun ya iso jiya da abin da ke ciki, na gode. Takardarki kuwa ta yi kwanaki a tasha, direban ya yi jinya, sai shekaranjiya aka kawo. Ta tarar na riga na je.

Ko da ta zo da wuri ban jin zan bi shawararki. A gaban ƙannen Bukar na ƙi ruwansa. In mata suka gyara ta bayan zana, su ƙannen me za su sani?

Na aika masa cewa ina zuwa ranar Alhamis, ya tara mutanen da suka taru wancan karo. Bai amsa ba, amma na tarar da su, har da Liman. An baza jan tattasai a rana ko'ina, tsinkar fari ta fara. Tsohuwar tabarma aka shimfiɗa mini wannan karon. Na zauna a kanta, ban zo da buzu ba. Ba a kawo ruwa ba. Muka gaisa. Sai na ce, "Bukar, ƙishirwa nake ji."

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya yi magana aka kawo. Na shanye, na miƙa kwanon na ce a ƙaro. Aka ɗora shayi, na sha na fari, na sha na biyu, na sha na uku. Na yi niyyar in faɗi lalurata da bakina kafin komai, wallahi da niyyar na fito daga gida. Na buɗe baki, na ga idanun mutane, sai na ji ina maganar Saminu. Na faɗi asalinsa, na faɗi aikinsa da halinsa, na nemi Zara a ba shi. Tun ina cikin magana abin ya fara matsa mini. Na ce a raina ko mutuwa zan yi ba na tashi.

Bukar ya ce sai ya yi shawara. Liman ya ce to a yi addu'a a tashi. Muna ɗaga hannu ya zo, gaba ɗaya, tsumman Kaltumi bai riƙe ko rabi ba. Na ji ɗuminsa yana bin cinyata, na ga tabarma tana canza launi, yana gangarawa wajen ƙafar ƙanen Bukar. Ban sauke hannu ba har aka shafa. Ƙanen ya janye ƙafarsa a hankali. Suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna sallama ba sa kallona, Liman ya dafa kafaɗata ya wuce. Shekarata sittin da shida, Yaya.

Muka rage ni da shi. Ya shiga ɗaki ya fito da buta da wandonsa na Juma'a, ya kori matan daga tsakar gida, ya tsaya ya juya mini baya har na gama. Sannan ya zauna ya ce, "Tun yaushe?" Na gaya masa duka, har buzun, har ruwan.

Na zaci zai yi dariya, ko ya rungume ni. Kin san tun muna samari Barbarci, harshensu, muke yi da shi, shi ya koya mini, Hausa sai in da baƙo a wurin. Da Barbarci ya fara. Ya ce, "Shekarar da amai da gudawa ta kama ka a gidan babana, wa ya riƙa ɗauke ka yana wanke ka? Wa ya ƙona tabarmar?" Na ce kai ne. Ya ce, "Na bar gidana, na bar gonata, na bar kabarin uwata. Mutanen birni suna zuwa su rubuta sunanmu, su tsaya daga nesa, su sha ruwan gorarsu. Ban damu ba, ban san su ba. Na ce ina da mutum ɗaya a Diffa da ya san ko ni wane ne. Wata biyu ina kwana ina tashi da cewa shi ma ya ga abin da suke gani. Ashe kai ka gwammace in ɗauka haka, da dai in san kana jiƙa wando."

Gaskiya ya faɗa. Idonsa ya kawo ruwa, nawa ma.

Ya raka ni bakin hanya, wandonsa ya tsaya mini a ƙwauri. Da mota ta tsaya sai ya juya harshe, ya yi mini Hausa, irin wadda yake yi wa masu sayen tattasai. Ya ce, "Malam Ishaƙ, yarinya na ba ku, yaron ba shi da laifi. Ku turo a sa rana. Allah ya ba ka lafiya." Ya juya tun ban shiga ba.

To ki gaya wa Saminu ya samu. Ki ce masa an sha ruwa an yi addu'a, kada ki ƙara komai a kai. Na koma wurin likita, ya canza mini magani, ya ce in ƙara haƙuri. Ina shan ruwa.

Wandon yana nan, Kaltumi ta wanke ta goge ta ninke. Kullum sai ta tambaye ni ko a ba direba. In na aika, na sake yi masa abin da na yi masa. In na kai da kaina, ban san ko zai ce in shigo ba.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanenki,
Ishaƙ